Yadda Na Baro Rabi a Bakin Teku

Tun da na dawo daga Kwatano ban samu sakat ba. In na zauna a majalisarmu ta Sabon Gari, tambayar ɗaya ce: "Isuhu, yaya teku?" In na je gona Jiratawa, maƙwabta su bar ban-ruwa su taho su ji ko da gaske ne ruwan ba shi da tsallake. Nakan ce musu babba ne, kuma da gishiri, in ja bakina. Ba rowar labari nake yi ba. Na san duk wanda ya tambayi teku, daga ƙarshe Rabi zai tambaya, ni kuwa nan ne bakina ke nauyi. To yau zan faɗa gaba ɗaya, kowa ya ji, a bar ni in huta.

Rabi matata ce, 'yar Tibiri, Bagobira mai zanen fuska har kunne. Da ciwon fuka na aure ta, amma 'yan shekarun nan abin ya tsananta. In tana numfashi ƙirjinta fito yake yi, wani siririn sauti da ba ya yankewa. Na saba da shi har na daina neman ta da ido. In na shigo gida, tun daga zaure nake sanin ko tana madafa ko tana bayan ɗaki wajen shanya. Ga kuma borin jini: ta taɓa sabon sabulu ko ta wanke rigar da na yi feshin gona da ita, sai jikinta ya tashi ruɗu-ruɗu.

Likitan da ke duba ta a Maraɗi ya zaunar da ni wata rana. Ya ce, "Malam Isuhu, jikin kowa akwai garkuwa mai korar cuta. Ta matarka ta cika zafin kai, kamar karen da ke cizon ɓarawo ya ciji ɗan gida." Da ya ji wanta Sanusi na aiki a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, sai ya ce in da hali mu kai ta bakin teku ta ɗan zauna. Ya ce igiyar ruwa in ta fashe tana watsa wani feshi cikin iska, mai ɗauke da gishiri da wasu ƙananan abubuwa na cikin teku. Gishirin na iya sassauta majinar ƙirji. Sauran kuwa, masana na zaton suna kwantar wa garkuwar jiki da hankali, amma ba a gama bincike ba.

"Ban yi maka alkawari ba," in ji shi. "Wani ya je ya samu sauƙi, wani danshin ya ƙara masa. Kada ta rabu da maganinta na shaƙa. Kuma ku nemi gaɓa mai tsabta, nesa da inda kwata ke zuba, don feshin ƙazamin ruwa cuta yake kawowa."

Ni da nake goya fanfon feshi ina bin layukan kabeji, ba sai an yi mini dogon bayani ba. Na san abin da ido ba ya gani yana iya shiga hanci ya yi aiki.

Da labari ya kai Tibiri, surukata Inna Kuluwa ta aiko cewa autarta ba ta zuwa ƙasar ruwa ba tare da ita ba. Ku kun san tsakanina da Inna. Tun da na auri 'yarta ban taɓa cin abinci a gabanta ba, ban taɓa haɗa ido da ita ba. In tana da magana da ni, Rabi take gaya wa ko da ina tsugune a wurin. To da wannan baiwar Allah zan ratsa ƙasa biyu.

Motarmu ta tsaya mata a bakin hanya a Tibiri. Ta shigo da barguna, da kaskon garwashi, da ƙunshin citta da kanumfari, da gumba cikin kwano. Na ɗauka tsarabar Sanusi ce. Yaron mota, Allah Ya shirye shi, ya nuna mata kujerar da ke manne da tawa. Na yi wuf na koma can baya bisa taya, kusa da wani ɗan kasuwar albasa da ya ce ya je Kwatano ba iyaka. Na tambaye shi yadda teku take. Ya dube ni ya ce, "Teku? Mi zan saya can?" Bai taɓa zuwa ganinta ba.

Yunwa ce ta fara ba ni kashi. Duk inda aka tsaya, Inna na zaune a taga tana kallon waje. A Ƙonni na sayi balangu na zagaya bayan wata babbar mota na tsuguna, ina cikin ci na ji tamu ta tashi. Na biyo ta da gudu, nama a hannu, baki duk yaji. Rabi ta yi ta dariya har fiton ƙirjinta ya koma tari, Inna kuwa ta juya fuska don ta rufa mini asiri.

Daga Doso muka karya kudu zuwa Gaya. Gadar iyaka a rufe take, sai kwale-kwale ake shiga a ƙetare kogi. Nan Inna ta tirje. Ta sa ƙafa ɗaya, jirgi ya yi rawa, ta janye. Ni ne kusa da ita, amma yaya zan kama hannun surukata? Muna cikin wannan jan-in-ja, mai jirgin, wani ƙaton Bazabarme, ya sunkuce ta kamar buhun gero ya dire a tsakiya. Abin da ta faɗa masa da Gobiranci ba zai maimaitu ba. Muna tsakiyar kogi iska ta taso, nan da nan ta ja mayafi ta rufe wa Rabi fuska. Da ina da wayo da tun a nan na gane abin da ke gabana.

A Malanbil wani ma'aikacin iyaka ya ɗaga kaskon garwashin ya tambaya da Faransanci ko gasa masara za mu je yi. Na fassara wa Rabi, Rabi ta fassara wa Inna, Inna ta ce a gaya masa uwarsa za ta gasa. Na ce masa ta ce tana gaishe shi.

A Paraku muka yada zango cikin tasha, bisa tabarmi. Nan na ci sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen cukun Fulani da suke kira wagashi, a ɓoye kamar kullum. Nan kuma hayaƙin motoci ya tayar wa Rabi da ciwon. Ta zauna dafe da gwiwa tana neman iska, ta shaƙi magani, ta sake shaƙa. Na tsorata ƙwarai. Na ce a raina, in na fito da matar nan daga ɗakinta don ta mutu a tashar wasu, me zan ce wa yaranmu? Allah Ya taimaka abin ya lafa.

Muna ƙara yin kudu ƙasa na ƙara kore, mutane na ƙara ba mu mamaki. Maza da atamfa sama da ƙasa, mata na tuƙa babur da kaya a baya ba wanda ya kula. A wani gari muka tarar da taro, kowa da anko, ga kiɗa ga rawa. Inna ta leƙa ta ce wa Rabi, "Ina amaryar? Ban gane ta ba." Wata mata da ke jin Hausa ta ce ai gawa za a kai. Inna ta yi salati ta saki labule, ba ta sake leƙawa ba sai Kwatano.

Sanusi ya tarye mu. Shi a Zango yake zaune, tsakiyar gari, inda 'yan kabu-kabunsu masu riga ruwan ɗorawa ke turnuƙe gari da hayaƙi kamar ana toyi. Don haka ya kama mana ɗaki a wata unguwar masunta, gidan wata Bayarabiya mai sayar da ɗanyen kifi, Iya Sikira. Ta iya Hausa, a kasuwar Zango ta koya. Ɗakin su Rabi na da babbar taga mai kallon ruwa. Ni aka ba ni wani ɗan ɗaki kusa da ƙofar gida.

Na ajiye kaya na fita in ga abin da ya kawo mu. Ba zan ɓata muku lokaci da kwatance ba, ruwa ne har inda ido ya ƙare, yana ruri ba hutawa. Abin da ya kama ni shi ne fuskata ta jiƙe alhali ba a ruwan sama. Na lashi leɓe na ji gishiri. Na dubi kwanon rufin unguwar, da kwaɗon ƙofofi, duk sun yi tsatsa. Na ce lalle abin da ke cin ƙarfe haka ba zai shiga ƙirji ya zauna banza ba. Na juyo da murna in kira Rabi.

Na tarar da taga a rufe. Inna ta tsaga tsohon zane ta toshe duk wata kafa. Ta hura garwashi, ta shafe Rabi da man zafi, ta lulluɓe ta da barguna, ga ruwan citta na tafasa. Tana ganin inuwata a bakin ƙofa ta dubi bango ta ce, "Wanga sanyi na ruwa shi ka kashe mai huka. Mutane sun ɗauko ɗiyar mutane sun kawo ta bakin halaka."

Ban ga laifinta ba. A wurinmu haka ake jinya. Wa ya taɓa barin mai tari a iska? Ni ma da ban ji daga bakin likita ba, da ni zan sayo gawayin. Amma ga shi mun ƙetare kogi don iskar nan, an kuma kulle ta a waje.

Na samu Rabi ita kaɗai na ce ta yi wa Inna magana. Ta ce, "Malam, in ce mata mi? Ta kwana tana hura mini wuta." Na sa Sanusi. Inna ta ce masa, "Ni na haihe ka ko kai ka haihe ni?" Ya sa takalmansa ya koma tashar jiragensa. Sau da yawa nakan shirya magana tun daga bakin ruwa, in jera ta tsaf, in zo in tsuguna a ƙofa. Abin da ke fitowa shi ne, "Inna, an wuni lahiya?" Ta ce wa bango, "Lahiya lau." In tashi.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Hayaƙin gawayi ya ƙara mata, har daga tsakar gida ina jin fiton ƙirjinta duk da rurin teku. Ni kuwa ina zaune a gaɓa ina shaƙar maganin da ba nawa ba. Tsohuwar murar da na zo da ita ta washe, cin abinci ya buɗe mini, ina narkar akasa, tuwon masararsu, da soyayyen kifi kamar wanda aka biya. Ban taɓa jin haushin lafiyata ba sai lokacin.

Wata safiya Iya Sikira ta same ni na yi tagumi. Ta dire kwandon kifinta ta ce, "Kai Bahaushe, mara lafiya ka kawo ko kaya ka kawo ajiya? Tun da kuka zo ban ga fuskar kowa ba."

Na gaya mata kome. Ta ce, "To buɗe baki ka gaya wa tsohuwar mana." Na ce surukata ce. Ta ce su ma suna girmama suruka, har ƙasa suke kwantawa, amma in sun tashi suna magana. Sai ta tambayi garinsu. Na ce Tibirin Gobir.

Matar nan ta tafa hannu ta yi tsalle. "Bagobira? A gidana? Baiwata ta kwana a gidana ba ta zo ta gaishe ni ba?"

Wallahi sai lokacin na tuna. Sau nawa na ga Gobirawa da Yarbawa na tsiya a kasuwar Maraɗi, wannan ya ƙwace hular wancan, ba mai fushi? Inna tun da muka zo a lulluɓe take, Iya ba ta ga zanen fuskarta ba.

Ko sallama ba ta yi ba, ta banka ƙofa. Ina laɓe a waje ina ji.

"Ina baiwar nan mai fuska kamar an yi shara?"

Sai na ji muryar Inna ta tashi, irin wadda ban ji ba tun muna gida. "La ilaha! Bayaraba! Ke baiwa, wa ya ba ki izinin shigowa wurin iyayengijinki ba ki durƙusa ba?"

"Ni da gidana? Wannan wutar fa? Kin zo ki gasa 'yarki ki sayar?"

"Aje mini kaskona, mai cin barkono!"

Iya ta fito da kaskon ta sheƙa masa ruwan kifi. Ta koma ta zare tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, Inna na bin ta tana zagi tana dariya. Abokin wasa ba a fushi da shi, ko gemunka ya ja. Na ji taga ta yi ƙara ta buɗe, labule ya tashi. Iya ta ce, "Jikokina cikin iskar nan suke kwana tsirara, kin ji mai tari?" Ta kama hannun Rabi ta fito da ita. Inna ta biyo su rungume da bargo, wai ko da za a buƙata.

Kada ku ɗauka nan take ta warke. Ranar farko tari ta yi ta yi tana fitar da majina, Inna na hararata ta gefen ido. Akwai ranar da aka wuni ruwan sama ciwon ya motsa, na ce shi ke nan, mun yi asara. Amma muka dage. Kullum da hantsi mukan taka mu wuce inda kwatar unguwa ke zuba, mu zauna ƙarƙashin itatuwan kwakwa inda ruwan ke da haske. Sannu a hankali ta fara kwanciya miƙe ba sai an jingina ta ba. Fatarta ta kwanta. Har ta kai in masunta na jan taru da waƙa, takan shiga layin mata ta kama igiya, a sallame ta da 'yan ƙananan kifi. Inna ita ma ta koma zama a gaɓa, ita ke lulluɓe da bargon yanzu, tana gaya wa Iya cewa cittarta ce ta yi aiki.

Sanusi ya kai mu wurin wata likita a can. Ta saurari ƙirjin ta ce an samu sauƙi sosai. Na tambaye ta ko feshin tekun ne. Ta ce yana yiwuwa, yana kuma yiwuwa Rabi ta yi nesa ne da abin da ke tsokanar jikinta a gida, hayaƙin itace ko maganin ƙwari da ke maƙale wa tufafi. Ta ce ko ma wanne ne, kada a yi gaggawar mayar da ita. Maganar maganin ƙwarin nan ta tsaya mini a rai, don na san rigar wa ake nufi.

Wata la'asar na fito daga masallaci na nufi gaɓa. Mata sun cika wajen taru. Na tsaya na kasa kunne yadda na saba, ban ji ta ba. Na matsa gaba, ban ji ta ba. Na dubi ruwan nan mai cin mutane, na fara sauri ina leƙa fuskoki, ina kiran Iya. Sai aka ja mini riga ta baya.

Rabi ce, tana dariya. "Malam, tun daga ƙohwar masallaci nike bayanka."

Tun da na aure ta ba ta taɓa iya laɓe mini ba. Na tsaya ina kallon ta, ƙirjinta na hawa yana sauka, ba sauti. Na yi murna har idona ya kawo ruwa, na ce mata gishiri ne. A wurin kuma na gane ba da ita zan koma gida ba.

Gona ba ta jira, an kusa dashe. Inna ma awakinta na hannun maƙwabta. Aka shirya Rabi ta zauna wurin Iya, matar Sanusi na leƙa ta. Ranar tafiya ta raka mu tasha, ba ta yi kuka ba sai da ta ce in riƙa cire rigar feshi tun a gona. Na cika jarka da ruwan teku don masu roƙon tsaraba, da ɗan tunanin ko zan riƙa fesa shi a ɗakinta in ta dawo. Kafin mu kai Doso ya yi wari, 'yan mota suka sa na zubar. Masu jiran ruwan teku ku yi haƙuri.

Ni da Inna muka ratso hanyar nan duka ba mai fassara a tsakani. A kogi da kanta ta shiga kwale-kwale. Da muka iso Tibiri na sauko mata da barguna da kasko, na tsuguna in yi sallama. Ba ta dubi bango ba, ba bangon ma. Ni ta duba.

"Isuhu."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba.

"Za ta kira ka ta ce ta warke, gida take so. Tawa ba ta ji, taka take ji. Ni don ina son ta na ruhe mata taga. Kai kada ka yi irin tawa."

Ta ɗauki kaskonta ta shige gari.

Ba a daɗe ba kuwa kiran ya zo. Na dawo daga Jiratawa, ina cikin zaure. Ta tambayi zogale, ta tambayi ko ina samun mai dama mini fura. Sannan ta ce, "Malam, na ji sauƙi. Kifi ya ishe ni. In taho?"

Na dubi tsakar gida. Turminta na kife inda ta bar shi. Kalma ɗaya ce, da na faɗa da jibi tana nan. Na ce ta ɗan yi shiru. Na manna wayar a kunne na saurara da kyau. Ba abin da nake ji sai teku.

Na ce, "Zauna tukuna."

Ta ce, "Halan ba ka kewata?"

Na ce, "Ina yi, Rabi. Har abinci ba ya shiga. Zauna."

To kun ji yadda teku take. Ban san ranar dawowarta ba, likita ma ba ta sani ba. Har yanzu in na shigo gida nakan tsaya a zaure in kasa kunne, jiki ya riga ya saba. Ba na jin kome. Sai in tuna can ma haka ƙirjinta yake, shiru, in ce alhamdu lillahi, sannan in shiga.